Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Mairuwa,
ta ƙasar Faskari.

Zuwa ga ƙanwata Hamida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji Abdulgafar da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya tsare ku a ƙasar mutane, Ya sa albarka a neman da ya kai ku Fatakwal. Allah Ya jiƙan mahaifiyarmu Dada, da Baba, da maigidana marigayi Malam, Ya sa sun huta, mu kuma idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Damina ta yi kyau, masara ta wuce ƙugu, sai dai gonakin nesa bana ma an bar wa ciyawa saboda mutanen daji, kowa ya matsu a na bayan gari. 'Yata Hafiza, ɗiyarki, tana ɗakinta a Sabuwa, ta yi nauyi, ana sa ran saukarta bayan kaka, kuma mijinta ya hana ta hawa hanya, ni ma ban ga laifinsa ba. Alhaji Mani, ƙanen Malam, ƙafar nan tasa ta sake tashi, amma bakinsa lafiya lau. Jar akuyar da kika bar mini ta haifi biyu, duka mata, kuma sun gaji uwarsu wajen ɓarna.

Na san za ki yi dariya in kin ga takarda daga wurina, ke da kika ce rubutuna kamar kaza ta yi tono. To, ki yi dariyarki ki gama, sannan ki gyara zama, don ɗan abin da na koyo a makarantar matan aure yau ya yi mini rana. Maganar da ke cikina ba ta waya ba ce. Wayar nan sai na je gindin rumbu nake samun sabis, kuma ko tari na yi a wurin, gidan Alhaji Mani sun ji ta kan katanga. Ban da haka ma, ke in kin kira gaisuwa ce a tsaitsaye. Ki sassauta murya ki tambaye ni jikin yaron nan, in ce da sauƙi, ki ce Allah Ya ƙara sauƙi, mu ajiye. Shi ya sa na nemi direban motar shanun da maigidanki ya saba aiko saƙo ta hannunsa, na roƙe shi ya damƙa miki wannan hannu da hannu.

Maganar ɗan farina ce, wanda nake ce wa na Dada. Kin san tarbiyyar da aka yi mana. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a zama a yi hira da shi. Ni kaina, da yake ni ce 'yar farinta, Dada har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ban taɓa riƙe ta da hakan ba. Ranar da aka yaye shi ta zo ta goya shi ta tafi da shi 'Yargoje, ni kuwa na shige ɗaki na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin gado, don kada a ga idona. A hannunku ya girma, ke kina goyonsa, Dada tana kiransa mijinta tana gorin ba ya kawo cefane. Har yau Yaya yake ce mini, don a bakinki ya ji. Da Malam ya rasu, ya dawo Mairuwa riƙon gona, ya zo mini saurayi, kusan baƙo. Ba mu sha wahala ba a lokacin, saboda ga Hafiza a gidan. In ina son ruwa sai in ce wa Hafiza ta gaya wa na Dada randa ta bushe, yana tsaye nan gabana yana ji, shi ma ya ce mata ta gaya wa Yaya ya ji. Shekara da shekaru haka muka zauna, kuma mata suna yabona da kara.

Ƙwayar nan a gona ya same ta. Kin bar gida kafin abin ya yi yawa, amma yanzu da yawa cikin 'yan ƙwadago ba sa duƙawa noma sai sun haɗiya. Tiramol suke ce mata. Mutum ya sha ya yi aikin mutum uku, bai ji rana ba, bai ji yunwa ba. Da farko har daɗi nake ji in an ce na Dada ingarma ne a gona, ban san abin da ke jan garmar ba. Sai Dada ta rasu, kuma a shekarar aka kai Hafiza Sabuwa. Daga nan abin ya baro gona ya biyo shi gida. Takin da aka ajiye na damina ya bi, ragon da nake kiwo ya bi, mutanen da suka yi masa alkawarin 'yarsu suka aiko a ba su haƙuri. Ƙarshenta a tsakiyar kasuwar 'Yankara ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, aka kawo mini shi a bayan a-kori-kura, wasu suna cewa iska ce, wasu farfaɗiya. Alhaji Mani ya ce a kai shi gidan mari a sa masa sasari har ya dawo hankalinsa. Allah Ya saka wa Malam Salihu, ma'aikacin ɗan asibitinmu, shi ya tsaya kai da fata ya ce wannan ciwo ne, kuma akwai masu maganinsa a Katsina. Wannan duk kin sani, don da gudummawarku aka kai shi. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ya biyo bayan sallamarsa.

Da bazara aka sallamo shi. Ya dawo a rame, amma idonsa ya washe. Hafiza ta samu ta zo ta yi mana 'yan kwanaki, kuma ranar da ta koma ne na gane halin da muke ciki. Gida ya rage daga ni sai shi, ba mai kai magana, ba mai kawowa. Hamida, kaji na koma yi wa magana. In na sauke tuwo sai in tsaya tsakar gida ina kallon zakara, in sanar da shi abinci ya sauka, mai ci gara ya ɗauka tun da zafi. Shi kuma na Dada ya fito ya ɗauki kwanonsa, ya yi wa bango godiya, ya koma ɗaki. A waje ma ba ta canja zane ba. Kin san da magariba maza kan fito da kwanukansu ƙofar gidan Alhaji Mani su yi ciyayya. Ba wanda ya kore shi, amma da ya zauna sai hira ta mutu, wannan ya ja wayarsa ya sa aljihu, wancan ya tuna bai ɗaure jakinsa ba. Mutum ba dutse ba ne, sai ya daina fita. Samarin kirki kuma iyayensu sun ja musu kunne, wai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mutum ɗaya ne a garin nan bai gaji da neman sa ba, shi ne Ɗanliti, abokin shaye-shayensa mai jan babur. Ya zo ya tsaya ƙofar gida ya danna hon, in ba a fito ba ya tafi, gobe ya dawo da fara'arsa.

Wata rana da hantsi Malam Salihu ya zo duba shi. Da zai fita sai ya durƙusa bakin madafa ya gaishe ni, ya ce yana da 'yar magana. Ya ce asibiti sun yi nasu, sun wanke jiki, amma abin da ya rage ba a sayar da shi a kemis. Ya ce sha'awar abin nan takan taso wa mutum kamar zazzaɓi, ta ci shi na wani lokaci sannan ta lafa. Wanda ta taso masa yana kusa da mai sauraronsa yakan tsallake, wanda kuwa ta iske shi kaɗai a ɗaki, sau da yawa a inda aka ɗauko shi ake sake tsintarsa. Sannan ya tambaye ni da wa yaron yake hira a gidan nan. Na ce Hafiza takan kira shi in an sami sabis. Ya ce ni fa. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce masa shi yaro ne, da ni aka ci tuwon sunansa, kada boko ya sa ya shigo gidana yana koya mini rashin kara. Ya ba ni haƙuri, ya ɗauki jakarsa ya tafi, ni kuwa na wuni ina juya maganar har miyata ta kama.

Kada ki ce ban gwada ba. Nakan shirya magana tun daga madafa, in jera ta tsaf, in doshi ɗakinsa. Da na isa bakin ƙofa sai harshena ya yi nauyi, in tsinci kaina ina tambayar labule ko an ba awaki ruwa. Daga ciki a ce an ba su. In juyo. Ina jin motsinsa, ya tashi, ya zauna, ya sake tashi, wani lokaci ya yi ta zagaya ɗakin kamar an ɗaure ɗan maraƙi. Na san abin ne ya taso masa, kuma ga ni nan ƙafa kaɗan tsakaninmu, amma ba ni da hanyar isa wurinsa. A irin wannan lokaci nake tuna Dada. Da tana nan, da ta ɗaga labulen nan ba sallama, ta zauna bakin katifarsa, ta ce wane irin miji ne wannan mai kwana da rana, ta yi ta tsokanarsa har ya yi dariya. Ban taɓa kishin kowa a duniya ba irin yadda na yi kishin uwata a kabari. Na yi kewarta, na yi kewar Malam, na yi kewarki, kuma abin da ya fi ci mini rai, na yi kewar ɗan da nake dafa wa abinci kullum.

Abin ya faru ne ranar kasuwar 'Yankara, da safe, lokacin ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu. Na dafa kalwa zan yi daddawa, Hajiya Nana yayar Malam ta shigo taya ni wankin kalwar, ita da maƙwabciyarmu. Muna duƙe hannuwanmu cikin ruwa sai na ji hon ɗin jan babur. Wannan karon Ɗanliti bai tsaya ga hon ba, ya ɗaga murya daga waje ya ce wani mai babbar gona yana neman hannu, a zo a tafi tun rana ba ta yi ba. Kowa a garin nan ya san abin da ake jefawa cikin shayin 'yan ƙwadago kafin a shiga irin waɗannan gonaki. Na ce a raina ba zai fito ba, ai ya saba ƙyale shi. Sai ga labule ya ɗaga. Ya fito da hauya a kafaɗa, fuskarsa tana gumi da sanyin safiyar nan, bai kalli inda muke ba. Na yi abin da na iya, na kalli turmi na ce akwai ciyawa a gonar bayan gida, masu fita su sani. Ba Hafiza da za ta ɗauki maganar ta kai. Hajiya Nana ta ci gaba da wankinta. Shi kuma ya ci gaba da tafiya, ya wuce rijiya, ya wuce turken awaki, ya sa ƙafa ɗaya a zaure. A lokacin na ga bayan a-kori-kurar nan a idona, na ga yadda aka sauko mini da shi. Ban san na miƙe ba, sai ji na yi ruwan kalwa yana bin hannuna. Na buɗe baki na ce, Harisu.

Muryar ta fito kamar ba tawa ba, amma ya ji. Ya tsaya cak, bai juyo ba. Na sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, na ce ya ajiye hauyar nan ya zo ya zauna, ni uwarsa ina son magana da shi. Maƙwabciyarmu ta rufe baki da gefen mayafi, Hajiya Nana ta tsame hannunta ta goge a zane, ta nemi takalmanta. Ɗanliti ya yi ta hon har ya gaji ya ja babur ɗinsa. Shi kuwa Harisu ya jingine hauyar, ya zo ya zauna a ƙasa nesa kaɗan da ni, kansa a sunkuye. Sai ga shi na kira mutum, ba ni da abin faɗa. Kin san abin da ya fito daga bakina? Tambayarsa na yi ko da sukari yake son kokonsa. Hamida, ɗa ya kusa shekara talatin, ban sani ba. Ya ce ba ya so, ashe duk shekarun nan haƙuri yake yi yana sha.

Daga nan sai ya buɗe mini cikinsa. Ya ce ba don aikin zai tafi ba, ba zai ɓoye mini ba. Tun asuba ƙasusuwansa suke kiran abin, ya yi alwala, ya yi salla, ya zagaya ɗaki, abin bai sake shi ba. Ya ce tun da ya dawo yake kallon shiruna yana rasa gane shi, ko shirun da ne na al'ada, ko kuwa sabo ne na uwar da ta gaji da ɗanta, kuma a ransa ya fi ba na biyun ƙarfi. Sannan ya gaya mini abin da har yanzu in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna. Ya ce a asibiti, kafin a sallami mutum, sukan zaunar da shi su tambaye shi wa yake da shi a gida, wanda zai nufa in abin ya taso masa. Wasu suka ce matansu, wasu abokansu, wasu yayyensu. Da aka zo kansa ya duba ya duba, sai ya ce yana da kakarsa a 'Yargoje. Likitan ya yi murna ya ce kaka ai ta fi kowa. Bai gaya musu ta rasu ba. Na ja mayafina na rufe fuska, amma wannan karon ban shige ɗaki ba, a gabansa na yi kukana.

Kafin azahar labari ya gama unguwa. Washegari Hajiya Nana ta aiko a kira ni, ta ce ba ta taɓa zaton za ta ga ranar da matar ƙanenta za ta koma irin yaran yanzu masu rungumar ɗan fari a gaban surukai ba. Ta ce kara ita ce adon mace, kuma ni ce ake kwatance da ni a dangin nan. Na ba ta girmanta, na ce ta yi haƙuri, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun daga ranar ba ta sake shigowa taya ni aiki ba. A gidan suna kuma, in na shiga, sai wata ta kwaikwayi muryata ƙasa-ƙasa a yi dariya. Ina yin kamar ban ji ba, amma yana yi mini ciwo, don matan nan su kaɗai suka rage mini na hira. Shi ma Alhaji Mani na je na same shi, na roƙe shi ya riƙa aikowa da kansa a kira ɗan ɗan'uwansa wurin ciyayya, don in babba ya kira ba mai tashi. Ya ce zai duba. Har yau yana dubawa.

Ba zan yi miki ƙarya in ce komai ya wuce ba. Bayan wannan rana ya zame sau ɗaya. Na aike shi sayen gishiri da kanwa, ya daɗe, ya dawo idonsa ya canja. Sai dai bai shige ɗaki ya rufe ba. Bakin madafa ya zo ya durƙusa ya ce, Yaya, na sha. Zuciyata ta ce in rufe shi da faɗa, amma na ga wanda ya kawo kansa ba ya buƙatar a kamo shi. Na dama masa fura, da ya natsu na yafa mayafi na raka shi wurin Malam Salihu, muna tafe tare a titi mutane suna kallo. Malam Salihu ya ce zamewa ba faɗuwa ba ce matuƙar mutum ya faɗa da bakinsa, kuma ni ma na ba shi haƙurin abin da na yi masa. Yanzu in abin ya taso, Harisu kan fito ya zauna kusa da murhu. In ba shi faskare, ko tura wuta a tukunyar kalwa, yana ƙorafin warin daddawa ina ce masa da ita aka yi masa wandon makaranta. Yawancin hirarmu ta Dada ce. Ashe takan zaunar da shi ta yi ta ba shi labarin ƙuruciyata, wai na fi kowa taurin kai a 'Yargoje, kuma in na aika mata da daddawa ba ta bari kowa ya taɓa. Ni da na ɗauka ba ta cika tunawa da ni ba, sai a bakin jikanta nake sanin uwata.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni kaɗai ce, na fara tsufa, kuma wadda ta yi shekara kusan talatin ba ta hira da mutum, hirarta ba ta da tsawo. Wani lokaci muna zaune magana ta ƙare mini, in ga idonsa ya koma ƙofar zaure. Ni ban iya ba shi dariya ba, ke kuwa kin iya. Ke kika goya shi, ke kika san sunayen tsokanar da kuke yi masa, ke kika cire masa ƙaya a ƙafa. Ga kaka tana tafe, lokacin da kuɗi ke shiga hannun samari, masu sayar da abin nan kuma su baza kolinsu, kuma jan babur bai daina bin layinmu ba. Ina jin tsoron kakar nan ƙwarai. Ina roƙonki, in kin tashi kira, ki daina tambayata jikinsa da ƙaramar murya. Ki kira wayarsa, ki tambaye shi da kansa, ki tsokane shi yadda kika saba. Ki sa ɗanki Shamsu ma ya riƙa kiran yayansa, ko labarin ƙwallo ne su yi. In kuma Alhaji zai yarda, kuma hanya ta yi sauƙi, ki zo ki yi mana kakar nan, ki haɗa da haihuwar Hafiza. Zumunta a ƙafa take, kuma ɗakin da kika saba sauka na nan, na sa an gyara yoyonsa.

Ki gaishe mini da Alhaji Abdulgafar da kyau, ki yi masa godiyar ɗawainiyar da ya yi da mu, Allah Ya saka masa da alheri. Ki gaishe da Shamsu, da Fatima Zahra'u, a ce mata ta dage da karatu, da autanki Adnan wanda har yau a hoto kawai na san shi. Hafiza ta ce in na yi magana da ke in isar da gaisuwarta, kuma tana jiran turaren wutan da kika yi mata alkawari. Na gaya wa Harisu ina rubuta miki takarda, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce a gaida Inna Hamida. Har na ɗauka ya gama, sai ya ce wata mai kamawa zai koma Katsina a sake duba shi, kuma ya san za su sake yi masa tambayar nan. Ya ce wannan karon ba ya son ya ambaci wanda ke kabari. Zai faɗe ni, amma likitan ya ce an fi son mutum biyu, saboda ɗaya yakan yi rashin lafiya ko ya gaji. Yana tambaya ko kin yarda ya faɗi sunanki. Na ce masa zan tambaye ki. To, Hamida, na tambaye ki, kuma direban zai juyo bayan ya sauke shanu.

Allah Ya sada mu da alheri, Ya bar zumunci.

Ni ce yayarki mai kewarki,
Mairo.